Taki Biyar Zuwa Ɗakin Mahaifiyata

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Illela wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, ita na buɗe ido ina kira Inna. Mahaifiyata tana nan cikin gida ɗaya da mu, ɗakinta bai fi taki goma daga namu ba, amma ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa duban tsabar idona ba. In ta kama dole ta yi maganata, sai ta ce "wancan". In na shigo tsakar gida tana tankaɗe, sai ta juya da rariyarta ta fuskanci katanga. Kowa ya san kunya ce, kowa yana yaba mata, har amare ake kawo wa ita misali. Ni ma kaina ya sani. Zuciyata ce ta ƙi yarda, domin ina ganin yadda take goya ƙannena, tana cire musu ƙaya, tana zaginsu da sunayensu. Ni ko zagin ban samu ba, kuma wallahi na yi kwaɗayinsa.

Inna ta rasu ina makarantar kwana a Sakkwato, mahaifina ya bi ta ba da jimawa ba. Daga nan gida ya zame mini wurin ajiye akwati lokacin hutu. Wasiƙuna duk ga baffana nake aika su, in gaishe shi, in gaida ƙannena ɗaya bayan ɗaya, in tsallake ta. Na ce in kunya ce, ai ni ma na iya.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai na shiga jami'a a Zariya, ina karatun zamantakewar al'umma. Lokacin nan ɗan jami'a ji yake ƙasar ma don shi aka karɓo ta, ni kuwa na fi kowa wannan ciwo. Na sa tabarau, na koyi tafiya da littafi a hammata ko da masai za ni. A ɗakin cin abinci akwai wani tsohon kuku da ya ɗauke ni ɗan gata. Lokaci-lokaci yakan kira ni bayan kicin ya miƙo mini kwalbar soyayyen man shanu, ya ce in riƙa zubawa a tuwo. Da na kwanta ciwon shawara har idona ya yi ɗorawa, shi ya kawo mini ƙullin saiwoyi ya gaya mini yadda ake jiƙawa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Na ɗauka farin jinina ne, ni mai tabarau.

Muna da wani malami Bature, gajere, wanda kullum bayan wandonsa fari fat da alli don yana son jingina da allo. Wata rana ya shigo aji ba littafi ko ɗaya. Ya ɗiga ɗigo a allo ya ce wannan mutum ne. Ya ɗiga wani ya ce wannan ma mutum ne. Ya ja layi tsakaninsu ya ce wannan kuma hulɗa ce, ko zumunci, ko ciniki, ko gulma, duk wadda ka zaɓa ka bi. Muka yi dariya, muka ce yau an mayar da mu aji ɗaya. Bai kula mu ba. Ya ci gaba da ɗigawa yana ja har allon ya koma kamar komar masunta, sannan ya fara tambaya.

Wa ya fi kowa yawan layi? Muka ƙirga muka nuna. Ya ce wannan shi ne cibiya, kuma ba dole ne ya zama mai rawani ba. Ya nuna wani ɗigo mai layi biyu kacal, ɗaya ta shiga taron dama, ɗaya ta shiga taron hagu. Ya sa hannun rigarsa ya goge shi, nan take allon ya rabe gida biyu da ba su san juna ba. Ya ce irin wannan gada ne, ba a ganin girmansa sai ranar da babu shi. Ya ce mu ƙirga layi nawa saƙo zai bi daga wancan lungu zuwa wannan, kowane layi taki ɗaya, kuma za mu sha mamakin ƙanƙantar duniya in muka ƙirga da gaskiya. Daga nan ya sa wa layukan kan kibiya, ya ce hulɗa ba kullum take tafiya da dawowa ba, wani yana nema ne, wani ana nemansa, saboda haka kowane ɗigo a ƙirga kiban da suka shige shi daban, waɗanda suka fita daga gare shi daban. Can ƙarshe ya je kusurwar allo ya ɗiga ɗigo ɗaya tilo, bai ja masa komai ba. Ya ce a kowane gari akwai irin wannan.

Har yau in na tuna ranar sai tsigar jikina ta tashi. Abu mai sauƙi kamar wasan yara a ƙasa, amma ga gari sukutum a kwance gabanka, kana ganin inda magana take bi kamar yadda ake ganin hanyar ruwa bayan an ɗauke sama. Na zauna baki buɗe har aka fita aka bar ni. Sai dai duk kallon da nake yi, idona komawa yake ga ɗigon nan na kusurwa. Na gane shi.

Kafin dogon hutu malamin ya ba mu aiki: kowa ya je unguwarsu ya zaɓi tambaya ɗaya, ya yi wa mutane, ya zano abin da ya samu. Ni kuma ya kira ni gefe ya ce ya sa sunana cikin waɗanda za a tura Ingila ƙaro karatu bayan mun gama, in na dawo hutu in ba shi amsa. Amsar tana bakina tun a lokacin. Niyyata in tafi, in kuma na tafi kada in dawo. Na ce wannan hutu shi ne sallamata da Illela, ba kuma wanda zan gaya wa, tunda ba wanda zai ji zafin rashina.

Na iso da damina, gero ya kai gwiwa. Na sayi babbar farar takarda, na shimfiɗa ta a tabarmar zaure na danne kusurwoyinta da duwatsu. Tambayata ita ce: in kana son aika saƙo nesa, ko jin labarin wani naka da ke nesa, wa kake nema? Kafin in fara, don neman tausayin kaina, na ɗiga ɗigona a can kusurwa, na bar shi tsirara.

Na riga na yanke cewa mai unguwa ne cibiya, liman na bi masa. Maza suka kunyata ni. Kibansu suka watse, wasu ga liman, wasu ga wanzami, da yawa ga dillalan kara, wato kasuwar shanu. Abin da ya fi ba ni mamaki, kusan kowane gida yana da kibiya da ta tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni, wajen suruki ko ɗan'uwa ko abokin ciniki. Ga iyaka can da sandarta da masu kakinta, ɗaya gefen ana Turanci ɗaya ana Faransanci, amma takardata ba ta san da ita ba. Na nemi inda zan ja ta na rasa.

Mata kuwa sai da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta shiga gaba. Gidajen dangi ta shiga da ni, sauran ta tambayo mini, tana yi tana mita wai boko ya ƙare a bin gidaje kamar mai tallar kuka. Nan na ga abin da ban zata ba. Gida bayan gida, amsa ɗaya ce: Dada. Wata dattijuwar Bafulatana ce mai tallar nono, daga wata ruga bayan Gidan Katta, kowa Dada yake ce mata kamar yadda ake kiran manyan matansu. Matan kulle ba sa fita, ita kuwa ba ƙofar da ba ta shiga da ƙwaryarta. Kibau suka taru a kanta har takardar ta kusa hujewa. Mai unguwa da rawaninsa bai samu rabin nata ba.

Na bar ɗakin mahaifiyata ƙarshe. Na tsaya bakin ƙofa da fensir, Gwaggo ta leƙa ta maimaita tambayar, ko da yake sarai mahaifiyata ta ji ni. Tana zaune tana kaɗi, ta ba mu baya. Mazarin bai ko tsaya ba.

Ta ce, "Ce ma wancan ni ba ni da kowa nesa."

Na ji maganar har tafin ƙafata. Shekara nawa ina nesa, a ce ba ta da kowa nesa! Na koma zaure na ɗiga ɗigonta da ƙarfi har bakin fensir ya karye. Na ce shi ke nan, ilimi ma ya tabbatar. Saura in ji daga bakin Dada inda nata kiban suke zuwa, in naɗe takardata in kama hanya.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, na same ta da hantsi a gindin wata bishiyar bedi kusa da kara, ta jera ƙore tana korar ƙuda da faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayanin ko ni wane ne. Ta katse ni da dariya.

"Kai ɗan boko, ni zaka hwaɗa ma ko kai wane na? Zamna. Ya idanun? Sun bar ɗorawa?"

Na ce, "Dada, wa ya gaya miki na yi shawara?"

"Mi ab ban sani ba? Na san ba ka cin miyar kuɓewa tasu. Na san randa ka sa gilashin ga. Na san ka taɓa hwaɗuwa bisa keken aro gaban 'yan mata, ka tashi kana dariyar ƙarya."

Kunya ta rufe ni, don maganar keken nan ko abokin ɗakina na roƙa ya binne ta. Na ce ta yi wa Allah ta gaya mini ta ina. Ta dube ni kamar mai auna ko na isa a gaya mini. Sannan ta jawo wani tsinke ta share ƙasa da gefen hannunta.

Ta dangwala tsinken ta ce wannan ita ce. Ta dangwala gaba ta ce wannan ƙanenta ne, dillali a kara, ga shi can ma yana duba haƙoran wani bijimi. Shi yana da amini direban lori mai ɗaukar fatu da albasa zuwa Zariya. Direban in ya sauke kaya, gidan wani mahauci yake kwana, mutumin Lafani ne da ya daɗe can. Mahaucin nan shi ke kai nama kicin ɗin makarantarmu. Ta dangwala na ƙarshe ta ce, "Shi kau tsohon ga mai dahuwa, ai ka san shi."

Na dubi ƙasa. Ga allon Baturen nan a gindin bedi, da tsinke, a hannun matar da ba ta taɓa riƙe alli ba. Na ce, "To man shanun fa?"

"Nonona na, ni ka kawo shi. Amma ba ni ka soya shi ba."

Ta mayar da tsinken baya, gaban ɗigonta, ta dangwala wani a hankali. Ba ta faɗi ko wace ce ba, ni ma ban tambaya ba.

Ta ce tun shekarar da aka kai ni Sakkwato abin ya fara, lokacin hanyar gajera ce. Da na koma Zariya hanya ta tsinke, sai da suka yi wata huɗu suna neman wanda ya san wanda ya san wani, kafin a dace da mahaucin. Ta ce mahaifiyata ba ta taɓa cewa a tambayo mata ni ba. Sai dai in Dada ta sauke ƙwarya, ta ce, "Halan lorin hwatu ta dawo?" Shi ke nan tambayar, shekara da shekaru. Da labarin shawarata ya iso, Dada ta ce mako biyu tana tarar da ita tsaye a bayan ƙofar gida tun da safe, ita da ko zaure ba ta leƙawa. Saiwoyin kuwa daga wani mai magani a Ƙwanni aka karɓo su, sai da suka ƙetare iyaka kafin su kama hanyar Zariya.

Na ce, "Amma ta ce ba ta da kowa nesa."

Dada ta buga faifai a gwiwa. "Gabanka kaka so ta ce tana da? Kai dai karatun ga bai gama ka ba. Kuma wanda kaka jin tarinai duk mako, nesa yake?"

Na ƙirga da yatsa a ƙasa, kamar yadda aka koya mini. Daga ita zuwa Dada, ɗaya. Zuwa dillali, biyu. Direba, uku. Mahauci, huɗu. Kuku, biyar. Daga hannun kuku sai bakina. Taki goma ne tsakanin ɗakinta da inda na girma, ba ta iya takawa ba, sai ta zaga ta Gusau da Funtuwa ta same ni. Ban san sanda hawaye ya sauko ba, sai gani na yi tabarau ya yi hazo. Ga hayaniyar kara, ga shanu na kuka, ni kuwa ji nake kamar a masallaci nake.

Ban gama dawowa hayyacina ba ta ƙara mini wata. Ta ce, "Batun ƙasar Turawa hwa? Yaushe a tahiyar?"

Na zabura. Ba wanda na gaya wa a Illela. Ashe na taɓa yin zancen a teburin abinci, tsohon kuku yana kwashe kwanoni.

Na ce, "Ta sani?"

"Tun kahin ka iso."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komi ba. Cewa tay yi in tambayi ƙanena ko direban ya san wani Ikko, inda jirgin ruwa ka tashi. An samu wani mai aikin reluwe. Shi muka jira shi samo muna na gaba."

Wato ni ina shirin tsinke igiya in gudu, ita tana can tana ƙulla mata tsawo. Ba ta ce kada in tafi ba, ba ta ce in dawo ba. Hanyar da man shanu zai bi kawai take nema.

Na koma zaure na zauna gaban takardata. Na ja layukan nan ɗaya bayan ɗaya, daga ɗigon da ya karya mini fensir har zuwa ɗigon kusurwa da na bari tsirara. Sai na tuna malam ya ce a sa kan kibiya, a kuma ƙirga masu shiga daban, masu fita daban. Na sa. Duk suna fuskantar wajena. Na nemi ko ɗaya da ta fita daga ɗigona ta nufi nata, babu. Ko gaisuwa a gindin wasiƙa babu. Ashe hoton da na gani a kusurwar allo ba ƙarya ba ne, akwai wanda aka bari shi kaɗai, ni dai na ɗora shi a kan wanda ba shi ba.

Na so in tashi in shiga ɗakinta in faɗi gabanta. Na san in na yi haka na tozarta abin da ta yi shekara ashirin da wani abu tana tsarewa, kuma guduwa za ta yi ta bar mini ɗakin. Saboda haka na bi hanyar da ta shata. Lahadi ta gaba na sayi turmin atamfa shuɗiya da ƙullin goro, na kai wa Dada gindin bedi. Na ce ta kai, ta kuma ce wancan ya ce zai tafi, shekara biyu ne, zai dawo. Dada ta yi dariya har ta riƙe ciki, wai yau ga saƙo daga gida zuwa gida ta hanyar kasuwa. Amma ta karɓa, ta ɗora a kan ƙwarya.

Washegari ina zaure na ji sallamar Dada ta shige ciki. Na kasa zaune na kasa tsaye. Bayan ta fita da kamar sa'a guda na shiga tsakar gida kamar mai neman buta. Mahaifiyata tana bakin murhu, ta ba ni baya kamar kullum. Ba ta juyo ba. Sai ta ɗaga murya ta ce da Gwaggo, wadda ke can nesa tana shanya:

"Ce ma wancan an ce ƙasar da sanyi. Shi nemi rigar kirki."

Gwaggo ta buɗe baki za ta maimaita, na ce na ji. Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kaina ina tsaye, kuma na riƙe ta kalma-kalma har yau.

Malamin ya ba takardata maki mai kyau, ya yi ta murna da Dada, ya ce ga cibiya ga gada a mutum ɗaya. Da ya nuna dogon layin nan mai zuwa kusurwa ya tambaye ni labarinsa, na ce hanyar man shanu ce. Bai gane ba, ban kuma ƙara masa bayani ba.

Na tafi Ingila. A watana na bakwai a can, ana tsakiyar sanyin da ta faɗa, wani ɗalibi ɗan Arewa da ban taɓa gani ba ya ƙwanƙwasa ƙofata da rana tsaka. Ya ce wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba shi saƙo, shi ma wani ya ba shi a Ikko, bai san mafarinsa ba. Kwalba ce, an naɗe ta da ƙyallen shuɗiyar atamfa an ɗaure da zaren kaɗi. Na zaunar da shi na yi ta tambaya har na haɗa lissafin: hannu takwas ta bi. Man ya daskare, ya ɗan sauya wari saboda daɗewa a hanya. Na dafa dankalinsu na zuba, na cinye shi tas a cikin mako uku, ban ba kowa ko ɗanɗane ba.

Na dawo kamar yadda na ce. Na yi shekaru ina koyar da darasin nan na ɗigo da layi, kuma duk shekara in na zo kan ɗigon kusurwa sai in gargaɗi ɗalibai kada su yi saurin cewa ba shi da kowa, su fara bincika wa aka tambaya, a gaban wa kuma aka tambaye shi. Mahaifiyata ta rayu har ta ga 'ya'yana, ta goya su, ta zage su da sunayensu. Ni dai har ta koma ga Allah ba ta kira nawa ba. Ranar da aka fitar da kayanta, Gwaggo ta miƙo mini wata kwalba da aka samu a bayan gadonta, an wanke ta an kife, tana jiran lorin fatu.